Wahabu Mai Akwatuna da Uwar Asu

Duk mai jin Hausa da ya zauna a unguwar Camberwell ta Landan wajen shekarun 1980 ya san Wahabu mai akwatuna. Gidan council ɗaya muke, irin benen hayar nan na hukuma, shi a hawa na uku, ni a na biyu, ko cokali ya faɗi a ɗakinsa sai na ji.

Ɗan zangon Kumasi ne, tela ɗan tela. Ya shigo Landan a 1981, ya sami aiki a wani gidan wasan kwaikwayo a Aldwych. In ka tambaye shi sana'arsa sai ya gyara wuyan riga ya ce, "Muna harkar stage." Harkar stage ɗin guga ce. A can ƙarƙashin ginin yake wuni, daga shi sai dutsen guga sai wandunan Turawa.

Maganar akwatuna kuwa, ga yadda take. A lokacin babu wanda ya zo ya zauna. Kowa shekara biyu zai yi, in ta yi yawa uku. Da mutum ya fara aiki sai ya sayi akwatin ƙarfe ya shiga tara kayan komawa gida: kwat ɗin ulu, bargon tsohuwa, gyalen siliki na uwargida. Ba a sa su a nan, ranar sauka daga jirgi suke jira. To ɗakunanmu kamar akurki suke. Wahabu ne kaɗai flat ɗinsa ke da ɗan ƙaramin ɗaki babu kowa, kusa da tankin ruwan zafi, don 'ya'yansa suna Kumasi wajen kakarsu. Sai aka dinga kai masa ajiya, har akwati goma sha ɗaya.

Ka'idar ita ce ka kawo akwati ka haɗa da makulli, don a san ka yarda da mutum. Shi kuma ka'idarsa ba ya buɗewa. Makullan suna rataye a ƙusa bayan ƙofa, yana wucewa yana kaɗa su. Bai mallaki mota ba, bai je Makka ba, amma ranar suna ko ɗaurin aure a gaba ake ajiye masa kujera, a ce ga Wahabu mai amana. Wannan sunan shi ne dukiyarsa kaf, kuma yana shafa shi kamar turare.

Kirsimetin 1986 gidan wasan suka shirya wasan yara mai dodo a ciki. Dodon asu ne, wannan ɗan ƙwaron mai cin tufafi, amma an yi shi ƙato, kowane fiffike ya fi ƙyauren ƙofa, an ɗinka shi da karammiski da ulu. Mutum biyu ke kaɗa fikafikan da sanda. Mai riƙe na hagu ya kwanta mura, aka leƙa ƙasa aka ga Wahabu. Aka lulluɓe shi da baƙin yadi har fuska, ya yi sati shida yana kaɗa sanda. Ko matarsa Fulera da ta je kallo ba ta gane shi ba. Ta ce ita dai ta ga fiffiken hagu yana makara.

Da aka gama wasan aka jefar da dodon a bayan gini. Wahabu ya ga karammiski a bola, zuciyar tela ta motsa. Ya naɗe fikafikan ya hau bas da su. Ni na taya shi hawa bene da su, kuma har gobe ina neman gafara. Ya jingina su a ɗakin akwatuna, wai wata rana zai yanka huluna.

Daga nan labari ya fara. Da farko cewa yake ya yi wasa a Aldwych. Bayan shekara ɗaya ya koma shi ya ba Turawa labarin dodon, sun rasa abin da za su rubuta sai suka sauko ɗakin guga suka roƙe shi. Sunanta Uwar Asu, in ji shi, kuma kakansa ya gan ta da idonsa a hanyar Salaga, tsohon garin fataken goro. Asalinta wani attajiri ne marowaci, mai riguna ɗari a adaka, ba ya sawa, ba ya bayarwa. Wata ƙwaya ɗaya ta asu ta shiga adakar, ta ci riga ta farko ta kai girman tantabara, ta ci ta hamsin ta kai jimina. Ranar da ta cinye ta ɗari ta ɗaga rufin ɗaki ta tashi, inuwarta ta rufe kasuwa har kaji suka shiga akurki da azahar.

"Uwar Asu ba ya taɓa rigar da ke jikin mutum," haka yake faɗa da Hausarsa ta zango, wadda mace da namiji duk ɗaya ne a cikinta. "Kayan da aka ɓoye shi ke nema."

Na ce, "Malam Wahabu, bara ka ce riguna arba'in ne."

Ya ce, "Maƙwabci, kai da kakana wa ya je Salaga?"

Kowace Sallah sai an sa shi ya maimaita. Wata shekarar tana da ƙaho, wata shekarar tana jin Larabci. Mutanen da akwatunansu ke kulle a bayan bangon da suka jingina su suka fi kowa dariya.

Wajen 1989 Fulera ta fara ganin 'yan ƙwari masu ruwan ƙasa suna fitowa ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin. A gida da rani ake fito da kaya a shanya, rana ta kashe komai. A nan ina ranar, ina igiyar? Ga ɗaki da ɗumi kamar an yi shi don ƙyanƙyasa.

Ta bututun ruwa nake jin gardamarsu, shi da matarsa. Fulera ta ce, "Maigida, ka buɗe ka duba. Makulli na hannunka."

Ya ce, "Kayan mutane? In buɗe in ga abin da Hajiya Damata ya ɓoye? Gobe in gaishe shi da wane ido?"

"To kira su su buɗe da kansu."

"In ce musu me? Ƙwaro ya shiga ɗakin Wahabu?"

Abin da ya yi shi ne ya sayo kafur a Old Kent Road, ya jera a kan murfin kowane akwati, ta waje. Asu na ciki suna biki, kafur na waje yana gadi. Benenmu ya yi shekara huɗu yana warin kafur. In mun haɗu a matakala sai in ce, "Ina kwanan jikokin Uwar Asu?" Ya ce in ji tsoron Allah.

A 1993 abin da ba a taɓa yi ba ya faru: wani ya tashi komawa gida da gaske. Masawudu ne, kwandastan bas, shi ma ɗan Kumasi, wanda ya kawo akwatinsa tun 1982. Ya zo ranar Lahadi da hantsi da fara'arsa.

"Yaya Wahabu, na yi booking ɗin jirgi. Ran ashirin ga wata. A ba ni kayana."

Aka kira ni in taya jan akwati. Wahabu ya ciro makulli ya miƙa masa. Masawudu ya ɗaga murfi, wata 'yar ƙura mai fiffike ta tashi. Ya ɗago kwat ɗinsa mai ruwan toka, wanda ya yi shekara goma sha ɗaya yana ba mu labarin yadda zai sauka da shi a Accra. Ta bayan kwat ɗin na hango fuskar Fulera. Bargon tsohuwarsa ya zama rariya. Atamfofi biyu na auduga kuwa ko ƙwarzane babu, asun Landan ba ya cin abincin talaka.

Masawudu bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya zauna a bakin akwatin ya ce, "Yaya, tun yaushe ka sani?"

Wahabu ya buɗe baki. Na rantse na ga Salaga tana tahowa a leɓensa. Sai ya haɗiye ta ya ce, "Shekara huɗu."

"Kana gaishe ni kowace Juma'a."

"Ina gaishe ka."

Fulera ce ta ɗauki kwat ɗin ta kara a ƙirjin Masawudu, ta dube shi sama da ƙasa. Tsakanin maɓalli da ramin maɓalli akwai tumbin shekara goma sha ɗaya na shinkafa da wake.

Ta ce, "Ƙanena, ko asu bai ci ba, wa zai sa wannan? Sai dai ɗanka."

Babu wanda ya yi dariya sai ni, aka kuwa harare ni.

A satin nan Wahabu ya yi abin da ban zaci zai iya ba. Ya ja fikafikan ya kai bola, sun riga sun zama tsumma. Sannan ya bi masu akwatuna goma gida gida, da ƙafarsa, ya faɗa wa kowa: asu ya shiga, laifina ne, ku zo ran Asabar ku buɗe, abin da allura za ta iya gyarawa zan gyara. Ranar Asabar ya share falo, Fulera ta dafa shayi a babbar tukunya, ya sa farar riga ya zauna kamar mai jiran alƙali. Ya riga ya sallama kujerar gaba.

Mutum uku suka zo. Suka buɗe, suka yi tsaki, ɗaya ta zage shi har kakansa na Salaga, suka kwashe abin da ya saura.

Sauran bakwai shiru. Hajiya Damata, mai sayar da kayan miya, wadda akwatinta ya fi na kowa nauyi, waya ta bugo. Wahabu ya ce mata ta zo ta gani da idonta.

Ta ce, "Bar shi a rufe, Malam Wahabu. Ai baɗi zan tafi, in na tashi na duba gaba ɗaya."

"Hajiya, ina jin babu komai a ciki sai gari."

"Na ce ka bar shi a rufe. Kai aka ba ajiya ko ni?"

Haka sauran ma suka ce, kowa da irin baɗinsa. Masawudu ya tafi ran ashirin cikin rigar sanyin da yake zuwa aiki da ita, bai zo sallama ba, bai kuma taɓa aiko da wasiƙa ba. Wannan ta ci Wahabu fiye da zagin. Ya daina ba da labarin dodo, ko an roƙe shi sai ya ce ya manta.

Sunan da aka yi bayan wata biyu, Wahabu ya shiga zauren ya nufi kujerun baya. Hajiya Damata da kanta ta taso ta kamo hannun rigarsa ta kai shi gaba, tana faɗa wa baƙi, "Wannan shi ke riƙe mana kayan komawa gida." Ya zauna yana kallon takalmansa har aka shafa fatiha.

Na bar benen a 1998. Ranar da nake kwashe kayana na hau mu yi sallama, na tarar da shi a ɗan ɗakin yana goge ƙura a kan akwatuna bakwai, ɗaya bayan ɗaya.