Sito na Biyu

A unguwar duka Akanta ake ce mata, har mahaifiyarta ma idan tana son tsokanarta. Ofishinta ɗaki ɗaya ne a saman shagon kawunta: tebur, kujeru uku, fanka mai kuka, da kabad ɗin ƙarfe da sai an doke shi da gwiwa yake rufuwa. Shekara goma sha huɗu ke nan tana cike wa 'yan kasuwa takardun haraji, ta sa hannu a ƙasa cewa ta duba kuma gaskiya ne, sannan ta kai hukuma. Lasisinta na rataye a bango. Sa hannun ƙarya guda ɗaya ya isa a karɓe shi, ba a kuma mayarwa.

Kawun nan shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinta, shi ya yi mata makaranta, shi ya ba ta ɗakin. Bai taɓa yi mata gori ba, abin da ya ƙara wa alherinsa nauyi ke nan. A shekararta ta uku da fara aiki ya hau sama yana haki, ya zube mata takardunsa.

"Ɗiyata, sabon siton nan na bayan tasha, ki bar shi a waje. Bai kai a sanar da gwamnati ba tukuna, jariri ne."

"Kawu, jaririn da manyan motoci ke sauke wa kaya?"

Ya yi dariya har da tari. "Ke dai rubuta. Ni na saya miki biron."

Ta rubuta. Ta sa hannu. Bakinta ya kasa furta a'a ga mutumin da ya goya ta.

A ofishin hukumar haraji taga biyu ce ke karɓar irin waɗannan takardu. A ta farko akwai wani mai fara'a, ya tambayi lafiyar gida, ya buga hatimi, ko shafi bai buɗe ba. A ta biyun kuwa wani dogo ne mai tabarau, wanda masu aiki irin nata suka laƙaba wa Koma-Gyara, don ba ka jin komai a bakinsa sai wannan. Ita ma ta sha zaginsa a zuci. Ya taɓa dawo da ita sau uku a kan kwanan wata.

Ranar da ta kai takardun kawu, sai ga ta a gaban tagarsa. Ta gaya wa kanta cewa layinsa ne ya fi gajarta. Gaskiya ne, kullum shi ne gajere, amma ba ta taɓa zaɓarsa don haka ba.

Ya karɓa, ya lashi yatsa, ya bi shafi-shafi. Can tsakiya ya tsaya, ya zaro wata 'yar takarda: rasit ɗin hayar sito na biyu. Ya dubi rasit, ya dubi jerin wuraren kasuwancin da aka rubuta, ya dube ta ta saman tabarau.

"Malama, wannan da kansa ya shigo, ko rakiya aka yi masa?"

Ita ta sa rasit ɗin a ciki, da hannunta, da safen nan. Sai a lokacin ta yarda da abin da ta yi: so take a kama ta, don wani ya faɗi abin da ta kasa faɗa.

"Mai shagon nan, me yake a wurinki?"

"Kawuna ne, yallaɓai."

"Uhm." Ya ture hatiminsa gefe. "Kin san abin da zai faru idan na buga wannan. Ta zama takardar hukuma, da sa hannunki a kai, ni kuma dole in tura ta sama. Amma ban buga ba. Abin da ban buga ba, bai shigo ofishin nan ba."

Ya yagi takarda, ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa a koma a saka sito na biyu, ya sa hannu.

"Kai masa. Ki ce wani mugu ne a taga ta biyu ya gano. Zagi ba ya kama ni, na riga na jiƙe." Ya miƙo mata fayil ɗin, amma bai saki ba. "Sau ɗaya nake ara wa mutum bakina, Malama. Gaba ki zo da naki."

Kawu ya yi mako guda yana tsine wa mutumin da bai taɓa gani ba. Ita kuwa ta gyara, ta mayar. Koma-Gyara ya karanta daga farko kamar bai san ta ba, ya buga hatimi. Ta buɗe baki za ta yi godiya, ya ce, "Na baya, matso!"

Ba su sake ta da maganar ba har ya yi ritaya. Amma daga ranar ba ta ƙara tsayawa a wata taga ba. Idan abokan aikinta suna zaginsa a benci, sai ta ce, "Ku dai ku gyara." Suka ce ya ba ta wani abu ta sha.

Da shekara ta zagayo, kawu ya sake hawowa, wannan karon da zancen wata mota da yake so ta ɓace daga takarda.

"Ki dai guje wa dogon nan, ki bi ta wurin mai dariya."

Ta miƙe ta jawo masa kujera.

"Kawu, ba dogon ba ne. Ni ce. Ba zan sa hannu ba."

Ya daɗe yana kallonta. Ta jira ya ce ta kwashe kayanta ta bar masa ɗakinsa. Sai ya zauna a hankali, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Taurin kan ubanki sak," ya ce. "To, rubuta motar. Ki rubuta cewa tsohuwa ce."

"Tsohuwa ce, Kawu. Wannan kam zan rubuta."