Ranar da Aka Hana Mma Gyara

Duk lokacin da aka zauna ana yabon yayana, tashi nake yi in bar wurin, don na san bakina. Cewa ake yi shi ne mutumin da ya fara da tukunya ɗaya a tashar Kejetia, har ya wayi gari da rumfunan abinci a Akra da Tamale da Takoradi. Tukunya ɗaya kam gaskiya ne. Sai dai ban taɓa jin wanda ya tambayi tukunyar ta wace ce ba. Ta uwarmu ce, wadda muke kira Mma, kuma ni na san yadda aka raba ta da ita, domin da hannuna a ciki.

Tun kafin a haife ni Mma take sayar da shinkafa da wake a bakin tasha. Da an yi sallar asuba za ta ɗora wake a gidanmu na Zongo, ta jefa karan dafi don ya yi ja, ta sa kanwa don ya yi laushi. Kafin rana ta yi zafi mun ɗauki tukunya da kwandon ganye mun gangara Kejetia. Lokacin da nake ba da labari ina da aure har da goyo, amma gidana gida biyu ne tsakaninsa da nata, don haka kullum ina gindin murhunta.

Mma ba ta da ma'auni. Hannunta ne ma'auninta wajen gishiri da kanwa, idonta kuma wajen zubawa. Mutum zai miƙa taro ko sisi, ta zuba masa a ganye, ta sa ganda da soyayyen yaji, sa'an nan ta ɗaga kai ta dube shi. Abin da ta gani a fuskarsa shi zai faɗa mata yawan gyaran da za ta ƙara. Ɗan kayan da ya kwana biyu da saukowa daga arewa, wanda bai san kowa ba, sai ya ga ludayi ya koma tukunya ya dawo cike. Masu koro shanu da ƙafafunsu suka tsattsage a hanya, haka. Akawu mai ɗaurin wuya kuwa bakin ludayi kawai yake samu, kuma bai taɓa yin ƙorafi ba. Tonawa, 'yan asalin garin, su ce mata, “Maame, to so,” wato ki ƙara, ta yi dariya ta ce da ma za ta ƙara ko ba su faɗa ba.

Aibin abin ɗaya ne, ba zan ɓoye ba: Mma ba ta da sauri. Sai ta tambayi mutum gajiya, ta tambayi matarsa da ta haihu, direba yana ta danna ham, fasinja na tsaye a layi yana zufa. Da yawa sun hau mota da yunwarsu.

Wannan shi yayana ya gani. Shekara huɗu ya yi yana karen mota a hanyar Tamale, ya dawo da kai cike da dabara. Ba zan ce ba shi da ƙwaƙwalwa ba, Allah ya ba shi. Ya ce a riƙa ƙulle abincin a ganye tun a gida, ƙullin taro daban, na sisi daban, a jera a kan tebur. Mai tafiya ya ajiye kuɗi ya ɗauka ya wuce, ko ta tagar mota a miƙa masa. Babu gaisuwa, babu gyara. Kuma ba Kejetia kaɗai ba, a kai Anloga wurin kafintoci, a kai Dichemso, ko'ina ɗanɗano ɗaya.

Shi ne ɗan farin Mma. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, balle ta tsaya musu da shi. Idan tana da magana ni take faɗa wa, ko da yana zaune a gabanta. Ranar da ya kawo zancen tana tsince wake, ba ta ɗaga kai ba ta ce da ni, “Ke, tambayi wancan. Abincin da aka ƙulle ba a ga fuskar mai ci ba, na wane ne?”

Ya ce, “Faɗa wa Mma na mai kuɗinsa ne.”

Ta ce, “To, ya nemi mai dafa masa.”

Ta faɗi haka ne da kwanciyar hankali, don ta san babu wata a Zongo da ta iya wakenta. Mata da yawa sun gwada, nasu ya fito ko dai da ɗacin kanwa ko ya caɓe kamar fate.

Bayan kwana uku Yaya ya zo gidana da la'asar. Ya ajiye mini turmin atamfa mai shuɗi da ruwan ɗorawa, sa'an nan ya fito da gwangwanin madara, da gwangwanin sigari, da murfin kwalba. Ya ce, “Ƙanwata, ke ba kya tausayin tsohuwar nan? Dubi bayanta ya fara ranƙwafawa. So nake ta huta.” Dabarar da ya koya mini mai sauƙi ce. Tunda ni ke fito mata da kayan haɗi kowace safiya, sai in auna gishiri da kanwa da yaji da gwangwani kafin in kai mata, in ta gama in auna abin da ya rage. Abin da ya ɓace shi ne hannun Mma. In kuma lura da lokacin da take jefa kowanne.

Na yi. Wata guda cur ina yi, ina tsugune a bayan ƙyaure kamar ɓarauniya, ita kuwa tana sa mini albarka wai na fi kowa sammako. Na sha faɗa wa kaina cewa don hutunta na yi. Ƙarya nake yi, atamfar ma ta yi mini kyau.

Da ya samu abin da yake so bai fuskance ta ba. Dattijan unguwa ya tara a zaurenmu ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya raba goro, ya durƙusa har ƙasa. Ya ce abin kunya ne a ce yana da rai da lafiya uwarsa tana zama cikin rana a tasha, 'yan kamasho suna ɗaga mata murya. Daga yau ya ɗauke mata, ta zauna a gida ta ja carbinta. Dattijai suka yi ta sa masa albarka, wani har da hawaye. Mma tana bayan labule tana ji. Me za ta ce? Ta fito gaban maza ta ƙi alherin ɗan farinta? Ya san ba za ta iya ba, shi ya sa ya bi ta nan. Har yau idan na tuna durƙuson nan nasa sai in ji ƙirjina ya yi zafi. Da zagi ya zage ta da ta samu bakin ramawa.

Ta zauna a gida, amma ba ta damu ba da farko. Cewa take yi da ni, “Bar shi. Sati biyu zai yi, mutane su tofar masa da abincin, ya zo ya ce a yi haƙuri.” Ta wanke ludayinta ta rataye kusa da ƙofa inda hannu zai kai da sauri. Ni kuwa in sunkuyar da kai in ce Allah ya sa.

Sati biyu suka wuce, wata biyu suka wuce. Yaya ya kama wani fili a bayan unguwa ya jera murhu shida, ya ɗauki mata 'yan aiki, kowace da gwangwanayenta. Shekarar da aka sauke tutar Turawa garin ya cika da baƙi, motoci ba sa tsayawa, ƙullinsa ya yi ta tafiya kamar ana rabawa kyauta. Ya sa kafintocin Anloga suka buga masa rumfunan katako iri ɗaya, aka shafa musu koren fenti. A saman kowace ya sa mai zane ya zana mace da ludayi a hannu. Har wushiryar Mma aka zana, har tsagen da ke kumatunta. Bai tambaye ta ba. A bakin maƙwabta ta ji cewa an kafa ta a kan allo a wuri uku.

Wata safiya ta yafa mayafi ta ce in raka ta. Ba Kejetia ta nufa ba, can kowa ya san ta. Dichemso muka tafi a ƙafa, ina biye da ita da goyona. Muka tarar da layi a gaban koriyar rumfa, amma layin da ba ya tsayawa. Wata budurwa Batoniya ce a ciki, hannu ɗaya na karɓar kuɗi, ɗaya na miƙa ƙulli, ba ta kallon kowa. Mma ta ɗaga kai ta dubi hotonta a sama, ta daɗe tana kallo, sa'an nan ta shiga layi kamar kowa.

A gabanta akwai wani tsoho ɗan kaya, gammonsa a hammata, wuyansa kamar na kazar da aka fige. Ya karɓi ƙullin taro, ya auna shi a tafin hannu, ya tsaya jim, ya wuce. Na ga Mma ta bi shi da ido. Da aka zo kanta ta ajiye sisi ta karɓi nata, ta buɗe ganyen a kan tebur ta tura gaba.

“'Yata, gyara mini.”

Yarinyar ta ce, “Maame, babu gyara. Masta ya ce babu. Ki ɗauka ki tafi, mutane na jira.”

Na buɗe baki zan ce, ke, kin san da wa kike magana? Dubi saman kanki! Mma ta damƙe mini hannu har farcenta ya shige ni. Ta naɗe ganyenta, muka koma gindin wani mangwaro muka zauna a kan kututture.

Ta yi bisimilla ta ɗebi loma. Na san abin da take jira, so take ta ji ɗaci ko lami, ta yi dariya ta ce ai na faɗa. Ta tauna a hankali. Ta sake ɗiba. Ta murza ƙwayar wake tsakanin yatsunta ta duba, ta sansana yajin. Sai ta daina tauna.

Ta ce, “Wannan nawa ne.”

Na shiga gyara goyona.

“Kanwar ma a kan lokacinta aka sa. Wancan bai taɓa tsayawa a gindin murhuna ba.” Ta juyo ta dube ni, irin kallon da take yi wa masu saye. Ta dubi fuskata, ta sauko da ido kan zanen da na ɗaura, mai shuɗi da ruwan ɗorawa. Ta tashi ta bi bayan tsohon nan, ta same shi a bakin kwata yana lasar ganye, ta miƙa masa sauran nata.

Da yamma na je na sami Yaya a wurin murhunansa. Na ce, “Yaya, yau a ƙarƙashin hotonta aka hana Mma gyara!” Na zaci zai ji kunya. Sai ya ce, “Wace yarinya ce? Ta iya aiki. Da ta ƙara mata, da gobe kowa ya ce shi ma uwata ce.” Na zage shi a gaban ma'aikatansa, zagin da ban taɓa yi wa na gaba da ni ba. Ko a jikinsa. Ya ce in na gama in gaida gida.

Ya yi arziki, ba na musu. Ya gina wa Mma ɗaki mai rufin kwano, ya biya mata Makka, kuma duk wanda ya ci abincinsa ya ce da daɗi. Dole ya yi daɗi. Ni dai tun daga ranar ban ƙara sa ƙullinsa a bakina ba, atamfar kuma na ba wata mai wankau.

Mma ta rayu shekara tara bayan haka. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, ba ta fasa yi mini fara'a ba, 'ya'yana duk a bayanta suka girma. Ran Juma'a takan dafa 'yar ƙaramar tukunya ta raba wa 'yan kayan unguwa a ƙofar gida. Ina hura mata wuta, ina wanke mata wake, muna hira. Amma da lokacin gishiri da kanwa ya yi, sai ta ce, “Ke, je ki duba ko an rufe ƙofa.” In na ce a rufe take, sai ta gyara zama ta juya mini baya, ta kare tukunyar da jikinta.