Motar da Habu bai shiga ƙarƙashinta ba

Shekara tara ke nan, a wannan kakar, da muka kai yayana Habu makwancinsa a Illela. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in ajiye alƙalami, don abin da zan faɗa ya shafi wani dattijo da ke raye, wanda nake jin nauyinsa. Bana shi da kansa ya kwance mini baki.

Habu direba ne, yana jigilar mutane da kaya tsakanin Illela da Ƙonni. A tasha in ka tambayi Habu ba lallai a gane ba, sai ka ce Ƙadangare. Bai iya ganin baƙuwar mota a tsaye ya wuce ba tare da ya kwanta ya leƙa ƙarƙashinta ba. Mahaifiyarmu ta yi faɗa kan rigunan da yake ɓatawa har ta gaji. Na taɓa nemansa a wurin ɗaurin auren wani abokinsa, ana raba goro, na same shi da sabuwar shadda a ƙarƙashin motar ango, ƙafafunsa kaɗai ke waje, ta hagun tana kaɗawa kamar yadda takan yi in abu ya ɗauki hankalinsa.

Yakan ce motocin da ake kawo mana ta Kwatano sun yi ƙuruciyarsu a ƙasashen sanyi, inda ake watsa gishiri a hanya don ƙanƙara ta narke. Gishirin nan yana cin ƙarfe daga ƙasa, fentin sama kuwa na ta walƙiya. Mu kuma mu ƙara mata namu: buhun kanwa ya yi ta zuba a baya, lakar damina ta manne in an ratsa korama. Shi dai in ruwa ya ɗauke sai ya wanke ƙasan motarsa, ya bar ta ta bushe a rana, ya kankare da buroshin waya, sannan ya bi ta da baƙin mai da giris. 'Yan'uwansa direbobi na yi masa dariya, wai aikin banza ne, ƙura kawai zai tara. Amsarsa ɗaya ce kullum: shafi na da amfani a kan ƙarfe mai lafiya, amma in aka shafa a kan tsatsa, rufe ta aka yi don ta ci a ɓoye.

Mutumin da ya san wannan, shi tsatsa ta kashe. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Surukinsa Alhaji Mudi dillalin motoci ne a Ƙonni. Shi ya ba Habu 'yarsa Rabi, kuma yana ji da shi kamar ɗan cikinsa. Da tsohuwar motar Habu ta gaji, Alhaji ya ware masa wata fara doguwa daga cikin waɗanda aka kawo, ya hana kowa taɓa ta. Habu ya je ya durƙusa ya gaishe shi, Alhaji ya yi addu'a ya miƙa masa makulli. Waɗanda ke wurin sun ce duk sun zuba ido su ga Ƙadangare ya kwanta. Ya zagaya motar, hannuwansa a baya, ya yi godiya, ya shiga ya tayar. Duk ɗan ƙasar nan ya san dalili. Ka leƙa ƙarƙashin abin da surukinka ya zaɓa maka, a gabansa, ka ce masa ba ka yarda da shi ba ke nan.

Sai da ya iso gida ya shiga ƙarƙashinta, ina tsaye. An fesa mata wani baƙin abu mai kauri kamar kwalta, sabo fil, tun kafin ta zo hannun Alhaji. Habu ya sa tsinin ƙarfe ya taɓa, ɓawo ya faɗo, ƙasansa ja wur. Ya taɓa wani wuri, haka. Na ce ya mayar da ita a ranar.

“In mai da ta in ce mi?” in ji shi. “In ce ma Baba ruɓaɓɓar mota ya ba ni? Shi ma bai sani ba. Bari dai in gyara abina.”

Na ɗaga murya, abin da ban saba yi masa ba. Na ce kunya ba ta tsayar da mota a gangara. Ya yi dariya ya ce ƙanensa ya zama malami. Ya kuwa yi aikin: ya kankare, ya kai aka yi walda, ya shafe duk inda hannu ke kaiwa. Akwai wani siririn bututun burki da ke bi ta saman tankin mai, ba a ganinsa sai an sauke tankin. Ya ce zai sauke da zarar kasuwannin kaka sun lafa. Bai kai ga saukewa ba. Ranar da ya ɗauki 'yan kasuwa ya wuce Ƙonni da su, a wata gangara kafin Malbaza ya taka burki ya ji wayam, ga amalanken jaki a gabansa da mata a kai. Ya kauce musu ya bar hanya. Fasinjojinsa sun tsira da raunuka, shi bai kai asibiti ba. Makanikin da ya jawo motar ya nuna mini bututun, ya murza shi da yatsa biyu ya zube. Mu da Rabi muka shirya kada Alhaji ya ji, muka ce masa tsautsayi ne.

Na yi gaskiya a gardamar nan tamu, kuma ban ga abin da gaskiyar ta tsinana mini ba.

Nakan tambayi kaina me Habu zai ce da ya ga yau. Yanzu daga Kwatano ake turo wa mutum hoton mota a waya, a zagaya masa ita, a kunna masa rediyo da fitilu, ya ce ya saya. Ban taɓa ganin wanda aka nuna wa ƙasanta ba. An kuma samu garejin da ke fesa maganin tsatsa da inji, har mutane kan tare ni su tambaya ko ya cancanci a yi, don sun san ƙanen wa nake. Amsar Habu nake ba su. A yi, amma a fara dubawa, a kankare, a bari ya bushe. Mota ta zo maka da sabon baƙin shafi, ka tambayi abin da aka rufe. Wasu su ji, wasu su ce tsoho ya fara surutu.

Bana Nura, babban ɗan Habu, ya yi aure ya ce shi ma tuƙi zai yi, a kan hanyar nan dai ta ubansa. Motar kuwa a gidan kakansa zai saya, inda kawunsa ke riƙe da sana'ar yanzu, Alhaji na zaune a inuwa yana jan carbi. Hankalina ya tashi. Na ce zan raka shi, na sa tsohuwar riga da gangan, na rantse wa kaina ko gari zai taru sai na shiga ƙarƙashin motar nan.

Da muka isa na durƙusa gaban dattijon, ya riƙe hannuna yana tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sai rantsuwar ta narke. A nan na fahimci yayana, abin da na kasa yi yana raye. Nura ya ɗan yi wa kakansa tsokana irin ta jika, amma da kawunsa ya nuna masa motar, sai na ga ya mayar da hannuwa baya ya fara zagaya ta. Haka ubansa ya yi a gaban dattijon nan.

Alhaji ya dafa sanda ya tashi. Ya jawo tabarmar da yake zaune a kai, ya hana a karɓa masa, ya shimfiɗa ta a gefen motar.

“Shiga ka diba, Nura,” ya ce. “Ubanka ya ji kunyata bai shiga ba. Ni ko na ga shina so, ban ce mai shi shiga ba.”

Ya juyo gare ni ya ce makanikin nan ya gaya masa komai tun ba a yi sadakar bakwai ba. Ashe muna ɓoye masa, shi ma yana ɓoye mana, duk tsawon shekarun nan.

Habu bai bar gida na a zo a gani ba, garejin da ya yi mafarkin buɗewa ma bai samu ba. A tasha waɗanda suka san Ƙadangare sun fara ƙarewa. Abin da ya rage nasa shi na gani ranar nan. Nura ya cire hula ya kwanta ya shige, ya kira a miƙo masa tsinin ƙarfe, ƙafafunsa kaɗai a waje, ta hagun tana kaɗawa. Alhaji Mudi ya dube ta, ya juya fuskarsa wajen bango. Allah Ya jiƙan Habu, Ya sanyaya zuciyar dattijon nan.