Ƙararrawar da Baba Ilu Ya Goge

Har yau ranar da Baba Ilu ya goge ƙararrawar nan ba ta bar raina ba. Ku sababbin shiga sana'ar, ku saurara.

A lokacin shagona yana unguwar Al Asmakh, can ƙasar Larabawa, ina sayar da tsofaffin kayan jiragen ruwa. Ana tsakiyar korona, kasuwa ta mutu, na sayi wata ƙararrawar tagulla. Takardunta sun nuna ta wani jirgin sojan ruwa ce mai tafiya da tururi. Da ya gama yaƙi, aka ba masu bincike shi, suka nufi ƙarshen duniya inda teku ke daskarewa. Ƙanƙara ta riƙe su wata da watanni. A zaman nan suka karce sunayensu da ƙusa a kan koren tsatsar da ke cikin ƙararrawar.

Wata tsohuwar Baturiya ta rubuto mini. Kakanta yana cikin waɗanda ba su dawo ba, ko kabari ba shi da shi, sai dai sunansa da ke cikin ƙararrawar. Za ta biyo ɗanta lokacin gasar kofin duniya ta saya. Cinikin nan kaɗai zai sa kafil, ɗan ƙasar da ke tsaya mana, ya bar mana shagon, ya sabunta wa Baba Ilu takardar zama.

Baba Ilu shi ke tsare mini shago. Ɗan gidan maƙeran fari ne a Kano, inda abin kunya ne baƙo ya ga tagulla da dauɗa. Ni kuwa ban taɓa gaya masa abin da ke cikin ƙararrawar ba.

Na je ɗauko matar, muka dawo muka tarar da ƙararrawa tana sheƙi. Baba Ilu ya goge ta da tsamiya da toka, ciki da waje, babu tsatsa babu sunaye.

"Alhaji, leƙa ka ga fuskarka," in ji shi, yana murmushi.

Matar ta durƙusa, ta zura hannu ciki, ta daɗe tana shafawa. Sannan ta miƙe ta fita, ko kallona ba ta yi ba.

"Ba ta fita sosai ba ne? In ƙara gogewa?" in ji Baba Ilu.

"Khalas, ya isa haka, Baba. Ta fita."

Bayan gasa kafil ya karɓi mabuɗinsa. Na raka Baba Ilu filin jirgi, yana ta yi mini addu'a. Har ya tafi bai san dalili ba.

A sana'ar nan tsatsar ita ce hajar. Kuma duk wanda ka bar wa shago, gaya masa abin da yake tsarewa. Laifin nawa ne, amma shi aka mayar gida.