Bindigar da Baba ya goge

Baba bai san shekarar da aka haife shi ba, bai kuma san ƙasar ba. Abin da ya sani shi ne abin da Kaka, mahaifinsa, ya gaya masa: a hanya aka haife shi, suna tafe da ƙafa daga ƙasar Hausa zuwa Makka, a shekarar da Kaka ya sayi bindigarsa sabuwa fil. Ko a Cadi ne ko a Sudan, Kaka bai faɗa ba, ba kuma wanda ya tambaye shi har ya rasu. Har yau wannan shiru nasu yana ba ni haushi.

Bindigar 'yar siririya ce, ta harbin tsuntsaye, ɗan ƙaramin yatsana ma da ƙyar yake shiga bakinta. Da ita Kaka ya ciyar da iyali kurciya da zabin daji a hanya. Tun da ta shigo Haramin Makka, inda ba a farauta, ba ta sake tashi ba. A gidanmu na unguwar Nakkasa, nan Makka, tana kwance ƙarƙashin gadon Baba, naɗe cikin tsohon bargo. Kowace Juma'a in ya dawo daga masallaci sai ya fito da ita, ya ɓalle ta gida uku, ya sa lemon tsami da tokar da ake ɗebo masa wurin mai tsiren bakin layi, ya dirje ta yadda Inna ke dirje tukwanenta. Ƙyalli take har ka ga fuskarka. Muna tsokanarsa cewa ya fi yi mata wanka a kanmu, shi kuwa ya ce ai ita ba ta gudu.

Da aka shafa alamar rusau a bangonmu, na samo mana haya a unguwar Shisha. Bindigar da ba ta da lasisi ba ta da wurin zama a gidan haya, dole a miƙa ta ga hukuma. A lokacin jikin Baba ya riga ya yi sanyi, tashi ma sai da taimako. Ya kira ni ya ce, "Ya waladi, ɗana, kafin ka miƙa ta, nemo mini wanda zai karanta ta. Ina so in san shekara nawa na ci a duniyar nan, da inda aka binne cibiyata."

Na samo wani Balarabe mai tara tsofaffin bindigogi, ya zo bayan la'asar. Da ya buɗe bargon sai da ya yi salati, ya ce irin wannan ta yi wuyar gani. Yana shan shayi yana yi mana bayani: maƙeran Turai suna buga hatimi a ƙasan ƙarfen, inda katako ke rufewa. Wani hatimin ƙasar da aka ƙera ta yake nunawa, wani lokaci kuma akwai harafin da ke nuna shekara. Nan take Baba ya yanke hukunci: in ta Faransawa ce, Cadi ke nan, in ta Ingila ce, Sudan. Mutumin ya ce abin bai kai haka sauƙi ba, amma za a kusa. Na daɗe ban ga Baba ya miƙe zaune da kansa ba sai ranar.

Mutumin ya cire katakon, ya kai ƙarfen bakin taga, ya ɗora masa gilashin ƙara girma. Ya juya shi, ya sake juyawa, ya shafa da babban yatsa. Ni daga inda nake ina ganin wurin sumul kamar bayan cokali.

"Ya ammi," ya ce da Baba, wato baffa da Larabci, "wa yake goge ta?"

Baba ya yi murmushin jin daɗi. "Ni mana. Tun ran da mahaifina ya rasu ban tsallake Juma'a ba."

"Da me?"

"Toka da lemo."

Mutumin ya ajiye gilashin a hankali. "Mutane waje suke gogewa, su bar nan da dattinsa. Kai har nan ka shiga." Ya nuna wani ɗan loɓawa da ido ke iya tsallakewa. "Nan hatimin yake. Ma fi shai, ya ammi, babu abin da ya rage. Halas." Ya ce daga ƙirarta zai iya yin kintace, amma tazarar shekarun za ta yi faɗin da za ta ɗauki Baba da ɗansa, ƙasar kuwa ba zai rantse ba.

Na so in yi ihu, ban san wa zan yi wa ba. Da a ce Baba malalaci ne, da ya bar ta ta yi tsatsa a lungu, da ranar ya ji amsarsa. Shi kuwa sai ya buɗe tafukan hannunsa a kan cinya yana kallonsu har baƙon ya tafi.

Juma'ar da ta biyo na kawo masa toka da lemo kamar kullum. Ya kau da kai, ya ce in mayar. Na miƙa bindigar a makon, muka kwashe kaya, ba da daɗewa ba aka baje unguwar.

Baba bai jima a Shisha ba ya rasu. Ranar ta'aziyya wani maƙwabci da bai san shi ba ya riƙe hannuna, ya yi masa addu'a, sannan ya tambaye ni, "Shekarunsa nawa, Allah ya jiƙansa? Mutumin ina ne?"

Na ce masa ya sha shayinsa kada ya huce.