Azarar da Na Bari Ta Wuce

Ku da kuke koyon gini a hannuna, akwai ranar da ba ta taɓa fita raina ba: ranar da muka haɗa bakar soron wani attajiri mai fataucin goro a nan Wurno, zamanin da Sarkin Musulmi yake zaune a garin. Bayan Sallar Layya ne, rani ya yi tsakiya.

Ga wanda bai san aikin ba, baka ana tayar da ita ne daga bango biyu, ana jera azara, wato tsagin giginya, ana ɗaure ta da igiya, ana lulluɓewa da ƙasa, har hannu biyun su haɗu a sama. Wanda ya haɗa su shi ake kira maginin soron, sauranmu ba wanda zai tuna. Shekaru da yawa ni Sarkin Magina yake ba wannan aikin.

Sai ciwo ya same ni. Ƙishirwa ba dare ba rana, fitsari ba iyaka, na rame har wandona yana zamewa. Ƙaya ta soke ni a ƙafa wurin taka ƙasa, wata biyu mikin bai rufe ba. Na bar zuma da rake, na koma shan jiƙon garahuni, ina ɓoye gorata a bayan tubali. Amma mutum ba ya ɓoye sauka daga tsani sau bakwai kafin azahar. Sarkin Magina ya kira ni gefe.

"Sambo, na ga tururuwa na taruwa inda kake tsugunni bayan bango. Mi kake ɓoye min?"

"Ranka shi daɗe, zahi ne kawai."

"Zahin ga kai ɗai ya kama? Ummaru za shi haɗa bakar ga. Kai zamna ƙasa ka duba azara."

Ummaru! Yaron da ni na koya wa riƙon tubali. Na zauna a inuwa, ƙafa a naɗe da tsumma, ina kallonsa a sama yana ba da umarni da irin muryata, har da yadda nake gyara hula. Attajirin ya zo, ya wuce ni ko sallama babu, ya ɗaga kai yana yi masa sannu da aiki.

Duban azara ba wasa ba ne. Ta namijin giginya baƙa ce, mai nauyi, in ka ƙwanƙwasa ta tana amsawa da ƙarfi, ita ce ke ɗaukar baka. Ta macen tana da laushi a ciki, sai dai rufin ɗan ɗaki. A cikin kayan da jakai suka kawo daga wajen Rabah akwai guda ta macen, ta sha hayaƙi har ta yi baƙi. Ina ɗaga ta na gane. Na ƙwanƙwasa, na ƙara tabbatarwa. Sannan na ajiye ta a cikin masu kyau.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na san abin da nake yi. Ba yau za ta karye ba, sai damina ta jiƙa rufin, bakar ta tsage, a ce aikin Ummaru ne, a tuna da Sambo. Ban ko yi tunanin masu zama a ƙarƙashinta ba.

Aka miƙa ta sama. Wani magini ya ce wa Ummaru ya duba ta kafin ya ɗaure. Sai na ji Ummaru ya yi dariya.

"Mi zan duba? Wadda duk ta bi ta hannun Baba Sambo ta gama dubuwa. Miƙo igiya."

Ya faɗa ne da ƙarfi, kowa ya ji, kuma ba don ya faranta mini ba, ko waiwayowa bai yi ba. Ya riga ya kai igiya zagaye biyu kafin bakina ya buɗe.

"Ummaru, kwance ta! Ta mace ce."

Aka sauko da ita. Sarkin Magina ya ƙwanƙwasa, ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Ciwon ga ya hwara taɓa idonka, Sambo?" Na ce e. Ciwon da na yi wata da watanni ina ɓoyewa, ranar da shi na rufa wa kaina asiri.

Soron yana nan tsaye, sunan Ummaru ake kira, kuma har yau in na bi ta ƙofar sai na kau da kai. Ciwon na koyi zama da shi: gorata a fili, inuwa, tuwo kaɗan. Abin da aikin ya koya mini shi ne, na sama ba ya ganin abin da ake miƙo masa, amana kawai yake ɗaurewa. Shi ya sa in zan sa ɗayanku duban azara, ba idonsa nake fara dubawa ba, sai na san haushin wa yake ji.