Gurasar da Florentine Ba Ta Ci

Duk wanda ya taɓa cin Jibin Ubangiji a ƙaramar majami'ar nan ta Garuwa inda ake sujada da Hausa bayan masu Faransanci sun tashi, to gurasar Florentine ya ci. Ita ke gasa ta a kasko ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, ita ke dafa folere, wato zoɓon da ake zubawa a ƙoƙo a maimakon ruwan inabi, ita kuma ke wanke farin ƙyallen da ake rufe tebur da shi. Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne tun da ta zo garin ba wanda ya taɓa ganin ta kai gurasar nan bakinta. Da pasto ya ɗaga faranti sai ta gyara zanenta ta fice ta ƙofar mata, ta zauna a gindin dalbejiya har a gama.

Mutanen coci kuwa, Allah ya gafarta musu, ba sa barin irin wannan ya wuce a banza. Wasu suka ce tana ƙarƙashin horo ne tun daga ikilisiyarsu ta gida. Wasu suka ce a ɓoye take dafa bilbil, wato burkutu, matar da ko warin giya ta ji sai ta toshe hanci. Dattawa suka bincika ba su sami komai ba. Ba wanda ya hana ta teburin, ita ta hana kanta.

An haife ta a wani ƙauye kusa da Kolofata, inda yaro ke tashi da yaren gidansu a baki, ya tsinci Hausa a kasuwa da majami'a. Tana budurwa aka yi mata baftisma, bayan katikis, malamin da ke shirya masu baftisma, ya wahalar da su da tambayoyi har ta iya amsawa ko daga barci aka tashe ta: Allah ɗaya ne, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, Almasihu ya mutu domin masu zunubi ya kuma tashi, akwai gafara. A gaban jama'a ta yi alkawarin ba za ta ƙaurace wa taro ba, za ta ɗauki nauyin ɗan'uwa idan ya gaza, kuma ba za ta zo teburin Ubangiji da ƙullin wani a zuciya ba. A lokacin wannan na ƙarshe ya fi mata sauƙi, don ba ta da wanda take riƙe da shi sai ƙanwarta mai sace mata ɗankwali.

Wata tsohuwa, Mama Honorine, ita ta koya mata gurasar jibi: gari, ruwa, ɗan mai, da gishiri cikin tafin hannu. Ta kuma kafa mata doka cewa mai gasa ba ta ɗanɗanawa, don ba girkin gidanta ba ne, sai a teburi za ta ci tare da kowa. Florentine ta riƙe wannan kamar yana cikin Littafi Mai Tsarki.

Shekarar da darajar kuɗin sefa ta faɗi ta auri Zacharie, tela ne, shan inna ya taɓa masa ƙafa tun yana yaro. Mutum ne mai barkwanci, yakan ce shi kaɗai ne a ƙauyen nan wanda matarsa ba ta fargabar zai gudu ya bar ta. Yana da aboki, Célestin, wanda ya girme shi kaɗan, ƙato mai muryar waƙa. Shi ke ɗora keken ɗinkin a kafaɗa ranar kasuwa, shi ya riƙe Malum, ɗan da Florentine ta haifa, ranar da aka kai shi majami'a. A kwano ɗaya suke cin tuwo.

Da fitinar kan iyaka ta iso ƙauyensu, da la'asar ta zo, Florentine da Malum suna gona. Daga can suka bi sauran mutane suka shige duwatsu. Célestin ne ya goya Zacharie ya yi ta gudu da shi har bakin rafi. Da harbi ya matso, sai ya sauke shi a gindin wata tsamiya ya ce zai dawo. Bai dawo ba, Zacharie kuwa a nan ya rasa ransa. Ba wani ne ya kai wa Florentine wannan labari ba, Célestin da bakinsa ya faɗa mata a Maruwa, inda suka yi gudun hijira, yana durƙushe, bai rage komai ba. Ta saurare shi har ƙarshe, ta tashi ta ci gaba da wankin da take yi.

A Garuwa wata Bahaushiya 'yar kasuwa, Hajiya Rabi'atu, wadda Zacharie ya taɓa yi wa mutanen gidanta ɗinki, ta ba ta ɗaki a zauren baya. Florentine ta fara suyar ƙosai a bakin titi, Malum ya shiga kabu-kabu da babur. Ba a jima ba Célestin ma ya iso da iyalinsa, ya sami aikin dako a wani rumbun albasa, kuma da yake majami'ar Hausa ɗaya ce a wannan ɓangare, can ya zo.

Kada a ce ta wulaƙanta shi, ba ta yi ba. Takan gaishe shi. Da matarsa ta haihu ta kai kunu ta yi wanki, da ya kwanta zazzaɓi ta bi zumuntar mata suka je suka yi masa addu'a, domin haƙƙin ɗan ikilisiya ne kuma ta yi alkawari. Amma duk lokacin da ta ga faɗin bayansa, sai ta tuna bayan nan ne ya sauke mijinta. Idan jama'a suna addu'a tare suka zo wurin roƙon gafara kamar yadda su ma suke gafartawa, sai ta yi shiru, ta jira su wuce wurin sannan ta kama.

Pasto ya kira ta ba sau ɗaya ba. Ya ce teburin na masu rauni ne, ba na waɗanda suka gama warkewa ba. Ta ce ta sani.

"Pasto, ban ce Allah bai gafarta masa ba. Ni ce ban iya ba. Ba zan tsaya a gaban Ubangiji in ci da ƙarya ba."

Shekaru suka yi ta tafiya, tana gasa wa mutane abin da take jin yunwarsa fiye da kowa. Yana damunta ƙwarai, ranar jibi takan koma gida ta kasa cin abincin rana, har Hajiya Rabi'atu ta gane ranar ba tare da an faɗa mata ba, takan aika mata da fura ta ce ko ita ta sha.

Ruwan sama ne ya warware abin. Wata Lahadi cikin Agusta hadari ya haɗu ana tsakiyar wa'azi, kafin a kai ga jibi ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, ƙofar mata ta koma rafi. Dole ta zauna a ciki. Tana kallo faranti ya bi layin maza hannu zuwa hannu, ya iso wurin Célestin. Ya karɓa, ya miƙa wa na kusa da shi, ya naɗe hannuwansa. Ƙoƙo ma haka. Ta taɓa matar da ke gefenta ta tambaya ko an sa shi a horo ne. Matar ta dube ta da mamaki ta ce ai tun zuwansa bai taɓa ci ba, kowa ya sani, ita ce dai kullum tana waje.

Abin da ya fara zo mata haushi ne, ba tausayi ba. Washegari ta bar kaskon ƙosai ta same shi a rumbun albasa, buhu a kansa. Ya yi furfura, ya rame, ita kuwa ba ta lura ba don ta daɗe ba ta dubi fuskarsa ba.

"Wa ya hana ka?"

Ya sauke buhun. "Maman Malum, ni ma na yi alkawarin da kika yi. An koya mana idan ɗan'uwanka yana da magana a kanka, ka fara shiryawa da shi. Kina gindin bishiya saboda ni, in zauna a ciki in ci gurasarki?"

Ta ce masa ba ta manta ba kuma ba ta jin za ta manta. Ya ce shi ma haka. Ta tambaye shi abin da ba ta taɓa tambaya ba, me Zacharie ya ce da ya sauke shi. Célestin ya ce Zacharie cewa ya yi masa ya yi sauri, ya daina waiwaye. Ta zauna a kan buhun albasa ta yi kukan da ba ta yi a Maruwa ba, 'yan dako suka kewaye su suna wucewa.

Watan bai zo mata da sauƙi ba. Wata rana ta tashi ta ji ta sake shi, washegari ƙullin ya dawo. Ta gaya wa pasto haka, ya ce ta zo da abin da take da shi.

Ranar jibi ba ta fita ba. Da faranti ya zo hannunta ta ɗauki gutsure biyu, ta miƙe, ta ƙetare zuwa ɓangaren maza, inda mace ba ta taka ana sujada. Wani dattijo ya yunƙura zai yi magana, pasto ya ɗaga masa hannu. Ta buɗe tafin Célestin ta sa masa ɗaya, ta tsaya a kansa sai da ta ga ya kai baki, sannan ta ci nata.

Gurasar gishiri ce zalla. A ƙauyensu da gishiri mai manyan ƙwayoyi da ƙasa-ƙasa take aunawa, a nan kuwa na leda ne mai laushi, ita kuma ba ta rage tafin hannun ba, ba ta kuma taɓa ɗanɗanawa ba. Duk shekarun nan ikilisiya guda tana haɗiye wannan kowane wata, masu gulmarta ma a ciki, ba wanda ya iya gaya mata. Ta dubi Célestin, yana taunawa a hankali, hawaye na bin gemunsa, ko yamutsa fuska bai yi ba. Ta koma wurinta ta zauna tana jiran ƙoƙo.